Steam ko Epic: me ya hana 'yan wasan kwamfuta sauya sheƙa?

Tun 2003 da kamfanin Valve ya buɗe Steam, nan ne babbar kasuwar sayen wasannin kwamfuta ta intanet. A Disamban 2018 sai Epic, mai wasan Fortnite, ya kafa tasa rumfar. Steam kan cire kashi 30 cikin ɗari na ciniki, Epic ya ce 12 sun ishe shi, ga kuma wasa kyauta duk mako.

Ka ce kowa zai yi murna, ko? Ina! A 2019 aka janye Metro Exodus daga Steam ana dab da fitowarsa, aka killace shi a Epic tsawon shekara guda. 'Yan wasa da yawa suka fusata, suka ce wannan ai tilas ce, ba gasa ba.

Da nake jin ɗalibaina na wannan gardama, na lura ba farashi ne ke riƙe su ba. Wanda ya shekara biyar yana tara wasanni da abokai a Steam ba ya son raba kayansa gida biyu. Na kyauta dai zai je Epic ya kwasa, amma kuɗinsa Steam yake kaiwa.

Abin da nake tuna musu shi ne, a rumfunan biyu izinin wasa kake saya, kuma yana ɗaure da asusunka. In asusun ya salwanta, kuɗin sun bi shi. Shi ya sa wasu suka fi son GOG, inda kake sauke wasan ka adana abinka, ko da intanet ko babu.