Horar da Doki da Koyar da Hawa a Yankin Dagona, Nguru da Gashuwa

Gabatarwa

Idan ka taɓa tsayawa a kasuwar dabbobi ka ga dawaki biyu sa'annin juna, launinsu ɗaya, tsayinsu ɗaya, amma aka taya ɗaya da kuɗin da ya zarce na ɗan'uwansa nesa ba kusa ba, to ka ga amfanin horo da idonka. Mai saye yakan duba haƙora da kofato da faɗin ƙirji, amma ba ya yanke ciniki sai ya ga an hau. Yana so ya ga ko dokin zai tsaya cik a ɗora masa sirdi, ko zai juya da an taɓa linzami, ko kuwa zai zabura idan babur ya gifta. Doki ba ya zuwa duniya da waɗannan halaye. Mutum ne yake koya masa su, kuma mutum ne yake ɓata su. Wannan bayani zai nuna maka, kai mai doki da kai malamin gona, yadda aikin mai horo yake, yadda za ka gane gwani, da yadda za a koya wa yaro hawa ba tare da an yi asarar doki ko an ji wa yaron rauni ba.

Doki a wannan yanki

Dagona tana cikin Ƙaramar Hukumar Bade ta Jihar Yobe, tsakanin Nguru da Gashuwa, a cikin fadamun da kogunan Haɗeja da Jama'are suke shayarwa. An fi sanin garin da tafkinsa, inda tsuntsayen ruwa suke taruwa da hunturu, har aka sanya shi cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a shekarar 2008. Mutanen yankin, Badawa da Mangawa da Barebari da Fulani da Hausawa, sun daɗe da sanin doki, kuma dokin Barno ya yi suna a duk faɗin Arewa. Har yanzu ana hawa a fadar Mai Bade a Gashuwa da fadar Nguru idan Sallah ta zo, ana hawan angwanci, ana kuma sukuwa.

Martabar doki ba ta ragu ba. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallah na Kano cikin al'adun gargajiya da duniya take alfahari da su. Masu hawa a manyan birane, da masu wasan folo a Kano da Katsina da Kaduna, kullum suna neman doki mai ladabi. Manomin da yake da ciyawar burgu a fadama, da harawar wake da ta gyaɗa, da gero a rumbu, yana da abin da zai yi kiwon doki da shi. Abin da ya fi ƙaranci shi ne hannun da zai hore shi.

Wane ne mai horo?

A gidajen sarauta akwai Shamaki mai kula da barga, akwai zagage masu tafiya gaban doki, akwai kuma 'yan barga masu yankan ciyawa da share turke. Yawancin gwanayen horo daga nan suke tasowa. Yaro yakan fara da kwashe kashin doki da ɗebo ruwa, ya kai ga wanka da ɗaura sirdi, sannan a bar shi ya fita kilisa. Kafin a kira shi gwani, dawaki da yawa sun bi ta hannunsa.

Kafin ka miƙa dokinka ga mai horo, ka je gidansa ka duba waɗannan abubuwa:

1. Dawakin da suke hannunsa. Idan suna kawar da kai ko suna maƙe kunne da zarar ya matso, to duka ya fi yawa a aikinsa.
2. Bakunansu da bayansu. Tabo a gefen baki, ko yankakken harshe, ko gyambo a inda sirdi yake zama, shaida ce ta mugun hannu.
3. Turken. Ya zama a bushe, a share, da inuwa da ruwa mai tsabta.
4. Wa'adin da ya ba ka. Wanda ya ce zai mayar da ɗanyen duƙushi dokin hawan Sallah cikin mako biyu, da tsoratarwa zai yi aiki.

Ku yi yarjejeniya gaban shaidu a kan ladan aiki, da wanda zai ɗauki nauyin abinci da magani, da abin da za a yi idan dokin ya ji rauni. Haka kuma ka nemi izinin zuwa kallon horon, domin a ƙarshe kai ne za ka hau.

Shekarun da suka dace

Babban kuskuren da ake yi shi ne gaggawar hawa. Duƙushi mai shekara biyu yakan yi girman da zai ruɗi mai shi, alhali ƙasusuwansa ba su gama ƙwari ba, kuma na gadon baya su ne na ƙarshen ƙosawa. Doki ba ya cika sai ya kai kimanin shekara 5. Haƙoran gaba za su gaya maka gaskiya: na tsakiya suna sauyawa a shekara 2 da rabi, na kusa da su a shekara 3 da rabi, na gefe a shekara 4 da rabi. A fara hawa mai sauƙi bayan ya cika shekara 3, a jinkirta sukuwa mai tsanani da zamiya sai ya haura 4. A shahararriyar makarantar hawan doki ta birnin Biyana a ƙasar Ostiriya, sai ingarma ya kai kimanin shekara 4 ake fara horar da shi, kuma horon yana ɗaukar shekaru.

Wannan ba ya nufin a bar duƙushi sakaka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tun yana bin goɗiya a riƙa shafa shi, ana taɓa kunnuwansa, ana ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya. Lokacin yaye, wato wata 5 zuwa 6, ya kamata ya riga ya saba da ragama.

Matakan horo

Kafin komai, ka fahimci halin dabbar. Doki matsoraci ne, kuma gudu ne makaminsa na farko. Yana gani kusan ko'ina a kewayensa, sai dai ba ya ganin abin da yake daidai bayansa ko dab da goshinsa, shi ya sa ake matso masa ta wajen kafaɗa ana yi masa magana. Yana koyo ne daga sassauci: ka ɗan ja igiya, da ya ba da kai ko da taki ɗaya ne, ka saki nan take. Sakin nan shi ne ladansa. Idan ka ci gaba da ja bayan ya yi abin da ake so, ba zai gane abin da kake nema ba.

Mataki na farko, ja da tsayuwa. A koya masa bin mutum da ragama, da tsayawa idan an tsaya, da ja da baya, da zama a turke ba tare da fizga ba.

Mataki na biyu, doguwar igiya. Mai horo ya tsaya a tsakiya, dokin yana zagaye shi a fili mai yashi, dama da hagu daidai wa daida. A nan yake koyon muryar tafi da ta tsaya.

Mataki na uku, kaya. A fara ɗora masa tsumma ko buhu na wasu kwanaki, sannan sirdi. A ɗaure majayi sannu a hankali, kada a matse shi gaba ɗaya. A bar shi ya zagaya da sirdi ba kowa, likkafu suna taɓa shi, har ya daina damuwa.

Mataki na huɗu, hawa. Mutum ɗaya ya riƙe ragama, wani marar nauyi ya fara kwantawa a kan sirdi, ya sauka, ya maimaita, kafin ya zauna sosai. Nauyin mahayi da sirdi kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin dokin. A fara da tafiya, a bi da sassarfa, sukuwa ta zo daga ƙarshe.

Mataki na biyar, sabo da duniya. A fita da shi tare da tsohon doki mai natsuwa. A kai shi bakin hanyar mota, da gefen kasuwa, da inda ake kiɗa. Dokin da zai shiga hawa dole ya ji ganga da algaita da kakaki da guɗa da ƙarar bindiga tun daga nesa, ana matsowa da shi kaɗan-kaɗan. A yankin Dagona akwai ƙarin darasi biyu. Na ɗaya, shiga ruwa: a fara da marar zurfi mai ƙasa mai tauri, a guji laka da duhun kachalla inda ƙafa za ta iya nutsewa. Na biyu, tashin tsuntsaye: garken kirinjijiya da ya tashi farat ɗaya daga cikin ciyawa ya isa ya sa ɗanyen doki ya kayar da mahayinsa.

Ga ƙaramin doki, darasin minti 15 zuwa 20 ya isa, da sassafe ko da yamma, musamman a watannin Maris zuwa Mayu da zafi yake tsananta. A tashi daga darasi a lokacin da ya yi daidai. Kada a wuce mataki sai ya zauna.

Maganar linzami da ƙaimi

Linzamin gargajiya mai zobe da tudu a tsakiya yana da ƙarfi ƙwarai. A hannun gwani, taɓawa kaɗan ta isa. A hannun ɗan koyo kuwa yana yanka harshe da dasashi, kuma dokin da bakinsa ya mutu yakan koma fizgar kai, ko miƙewa a kan ƙafafun baya, ko gudu ba tsayawa. Saboda haka a fara da ragama, a bi da linzami mai santsi. Ƙaimi ma ba na ɗan koyo ba ne. Idan dokin da ya saba ladabi ya fara tutsu, a duba bakinsa da bayansa da kofatonsa kafin a ɗauki bulala, domin sau da yawa ciwo ne yake sa shi.

Koyar da yaro hawa

Ƙa'ida ta farko ita ce kada a haɗa ɗanyen yaro da ɗanyen doki. Tsohon doki mai haƙuri shi ne malamin yaro. A fara masa daga ƙasa: share turke, ba da abinci, goge jiki, duba kofato, ja da ragama. A koya masa karanta kunne da wutsiya, kada ya bi ta bayan doki ba sanarwa, kuma kada ya taɓa naɗe igiya a hannunsa.

Idan ya fara hawa, babba ya riƙe igiya. Yaron ya koyi zama daidai, bayansa a miƙe, idonsa a gaba, har ya iya sakin hannu biyu dokin yana tafiya, kafin a ba shi linzami. Wanda bai iya zama ba, da bakin doki yake riƙe kansa. A daidaita likkafa da tsawon ƙafarsa, kuma a tabbatar ƙafar ba za ta zurma ciki ta maƙale ba, domin jan mahayi a ƙasa yana cikin haɗurra mafiya muni. A sa masa hular kwano. Ya iya tsayar da doki da juya shi kafin a bar shi ya yi sukuwa, kuma kada a bar yara su yi tsere a kan kwalta ko cikin lungunan gari.

Ciyarwa da lafiya a lokacin horo

Dokin da yake jin yunwa ko ciwo ba ya koyo. Yana cin abinci busasshe kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa a rana, kuma aƙalla rabi ya zama ciyawa da harawa. Tumbinsa ƙarami ne, ba ya kuma iya amai, don haka a raba masa gero da dusa sau biyu ko uku, kada a yi masa aiki da zarar ya gama ci. A ba shi kanwa ko gishiri kaɗan, da ruwa lita 25 zuwa 50 a rana, fiye da haka idan ana zafi. A gyara kofato duk bayan mako 6 zuwa 8. Da damina ƙwari masu cizo suna yawaita a fadama, kuma ƙananan cikinsu masu fitowa daga magariba zuwa asuba su ne suke yaɗa annobar dawaki. A ɗaure shi a tudu nesa da ruwa, a yi masa hayaƙi da yamma, a kira likitan dabbobi da zarar an ga zazzaɓi, ko kumburi a saman ido, ko wahalar numfashi.

Kammalawa

Malamin gona, idan kana zagayen ƙauyukanka, ka san gwanayen horo da suke yankinka, musamman dattawa, ka haɗa su da samari masu sha'awa da kuma ma'aikatan lafiyar dabbobi. Ilminsu a kai yake, ba a takarda ba, kuma duk wanda ya rasu bai koyar ba ya tafi da nasa. Kai kuma mai doki, ka tuna cewa watannin da ka jira kafin a ɗora sirdi ba asara ba ne. Dokin da aka hora da haƙuri zai yi maka aiki shekara goma sha biyar ko fiye, ɗanka zai hau shi hankalinka a kwance, kuma ranar da ka kai shi kasuwa ba sai ka yi dogon bayani ba.