Koyon Tafiyad da Kasuwanci ta Hanyar Aiki

Tun kafin ilmin boko ya zo ƙasar Gwandu, Hausawa suna da hanyarsu ta horad da mai riƙon dukiya. Fatake su kan tashi daga Kano, su biyo ta Jega, su ƙetare Kwara, su nufi Gwanja sayen goro, tafiyar watanni. Yaron da ya shiga ayari ba a karanta masa kome. Aikinsa na fari kiwon jakuna ne, da yayyafa wa goro ruwa, da tsince wanda ya ruɓe. In ubangidansa ya ga hankalinsa, sai ya ba shi ɗan jari ya juya. Ran da aka sauka gida a zauna a yi lissafi, ko riba ko faɗuwa, duk a kan idonsa. Alhaji Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da fataucin goron Gwanja ya fara.

Makarantun kasuwanci na Turawa da wata hanya dabam suka soma. An buɗe ta Harvard a Amurka a 1908, ba a daɗe ba ta ɗauki dabarar rubuta labarin wani kamfani da wahalar da ta same shi, ɗalibai su karanta, su yi gardama a kan abin da ya kamata a yi. Lalle dabarar tana wasa hankali. Aibinta ɗaya ne, watau wanda ya yi kuskure a aji ba ya hasarar ko anini. Wani malami na Kanada, Henry Mintzberg, ya buga littafi a 2004 yana cewa aji ba ya mai da wanda bai taɓa riƙon mutane ba ya zama manaja. A 2011 ita Harvard da kanta ta fara tura ɗalibanta ƙungiya ƙungiya su yi wa kamfanoni na ƙasashen waje aiki na sosai. Gani ya kori ji.

A Nijeriya ta Arewa tushen wannan ilmi yana Kongo, a Zariya, inda aka buɗe makarantar horad da akawuna a 1947, ta girma, ta shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Yau jami'o'i da dama suna ba da digiri na biyu na kasuwanci, wanda a ke kira MBA. Amma sau da yawa aikin da ɗalibi ya kan yi a ƙarshe bai wuce raba takardun tambayoyi ba, ya tattara amsa, ya ɗinke kundi, a ajiye.

Alhali kuwa ga fili a kusa. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta yana Kalgo, manoman ƙasar Gwandu kuwa maƙwabtanta ne. A ce an tura ɗalibai huɗu Dalijan, an haɗa su da wata ƙungiyar manoma mai son ajiye hatsi da kaka ta sayar da damina, sa'ad da ya yi tsada. A takarda ribar a fili ta ke. Sai sun zauna za su ga kuɗin buhu, da na dako, da ɓarnar ƙwari, da mudun da ba ya cika daidai. Sa'an nan su tarad da abin da ya fi waɗannan wuya: manomi ya san hatsi zai yi tsada, amma bashi ko bikin ɗiya ya tilasta shi sayarwa tun da kaka. Shawo kan irin wannan mutum, ba tare da an ci mutuncinsa ba, shi ne rabin aikin manaja.

Maganar ba ƙarama ba ce. A Nuwamba 1915 ba a san rancen banki a nan ba, amma a Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamad da shirin Babban Banki na ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi. Noma ya ƙaru, amma bashi mai yawa bai komo ba. Wa ke riƙe da littafin masu karɓa, wa ke awon shanshera, yaushe za a je karɓar biya, da wa za a je, duk aikin manaja ne, kuma a bakin fadama a ke yinsa.