Salisu Yusuf: Bazazzagin da ya horar da Super Eagles

Duk wanda ya ratsa Tudun Jukun bayan sallar la'asar zai tarar da mu a fili, mun kafa duwatsu a matsayin raga, kowa na jin shi ne Ahmed Musa na gobe. Amma mutum nawa ne cikinmu ya taɓa tunanin abin da zai yi ranar da ƙafa ta gaji?

Wani ɗan garinmu ya riga mu fuskantar wannan tambaya. An haifi Salisu Yusuf a Zariya a 1962. Ya taka leda a matsayin ɗan wasan tsakiya a Ranchers Bees ta Kaduna da El-Kanemi Warriors ta Maiduguri. Da ya daina buga wasa, sai ya koma horarwa, ya yi mataimaki a ƙarƙashin wasu kafin ya yi suna.

Ya horar da Kano Pillars. A 2013 ya ɗauki kofin ƙalubale da Enyimba ta Aba. A 2016 aka naɗa shi babban kocin Super Eagles, ya yi aiki tare da Gernot Rohr, ɗan Jamus. A 2018 kuma ya kai 'yan wasanmu masu taka leda a gida wasan ƙarshe na gasar CHAN, inda Maroko mai masaukin baƙi ta doke mu da ci 4 da nema.

A shekarar ne kuma ya gamu da jarrabawa. Ɗan jaridar Ghana Anas Aremeyaw Anas ya fitar da bidiyon da ya nuna shi yana karɓar kuɗi daga wasu da suka yi shigar wakilan 'yan wasa. Salisu ya ce kyauta ce, kuma ba ta shafi zaɓen 'yan wasansa ba. Duk da haka hukumar NFF ta dakatar da shi shekara ɗaya, ta ci shi tarar dala 5,000. Daga baya ya dawo bakin aiki.

Koci ba gudu yake yi ba. Karatun wasa yake yi, ya tsara, ya zaɓi goma sha ɗaya ya bar saura a benci. Shi ya sa ake buƙatar ilimi da amana. Mu riƙe littafi yadda muke riƙe ƙwallo. In kuma aka ba ɗayanmu kyaftin a makaranta, ya zaɓi wanda ya iya, ko da ba abokinsa ba ne.