Alkalawa da makarantun Gobir: Gadon da rashin tsaro ke raba shi da magada

Duk ɗan makarantar da ya karanta tarihin jihadin Shehu Usman Ɗanfodiyo ya ji sunan Alkalawa. Amma 'yan kaɗan ne suka san cewa kufan wannan birni yana nan a ƙaramar hukumar Sabon Birni ta Jihar Sakkwato, kusa da Gulbin Rima. Yau ko yaran da aka haifa a gefensa ba su da tabbacin zama a aji, balle a kai su su ga inda kakanninsu suka yi mulki.

Birnin da ya yi zamani

Gobirawa sun kafa Alkalawa a ƙarni na 18, zamanin Sarki Babari, bayan sun ci Zamfarawa da yaƙi. Ana cewa sunan ya samo asali ne daga alƙalin Zamfara da ke da wurin tun farko.

Daga nan ne Bawa Jan Gwarzo ya yi mulkin da ya sa aka ji tsoron Gobir a ƙasar Hausa. A zamaninsa ne Shehu ya nemi a bar shi ya yi wa'azi, a saki fursunoni, a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji, sarkin kuwa ya amince.

Zaman bai ɗore ba. A 1804, lokacin Sarki Yunfa, Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, yaƙi ya ɓarke. A 1808 rundunar Muhammadu Bello ta ci Alkalawa, aka kashe Yunfa.

Daga baya sarautar Gobir ta rabu. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, wasu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, a Nijar ta yau. Ɗan Halima kuma ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. Isa ta zama ribaɗin daular Sakkwato, kuma har gobe ana kiran basarakenta Sarkin Gobir na Isa.

Makarantun da aka sa wa kwaɗo

Abin da iyaye a wannan yanki suka dogara da shi wajen ilimin zamani shi ne makarantun gwamnati na kwana. Ɗan manomi daga ƙauye mai nisa ba zai iya zuwa ya dawo kullum ba, sai ya kwana a makaranta.

A Disambar 2020, bayan sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara ta Jihar Katsina, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta rufe makarantun kwana 16 da ke yankunan iyaka. Cikinsu akwai sakandaren gwamnati ta Isa da ta Sabon Birni, da firamaren kwana ta Isa, da kwalejin fasaha ta Olusegun Obasanjo da ke Bafarawa, garin tsohon gwamna Attahiru Bafarawa.

Ba wanda zai ga laifin matakin, domin rai ya fi karatu. Sai dai nauyin ya faɗa wa talaka. Mai hali ya tura ɗansa Sakkwato. Marar hali kuwa, ɗansa ya koma gona, idan ma gonar na noƙuwa. Yarinyar da aka dawo da ita gida, sau da yawa aure ne ke biyo baya.

Lamarin bai tsaya nan ba. Tun 2019 dubban mutane suka tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi gudun hijira. A 2021 an katse layukan waya a Isa da Sabon Birni. A 2024 'yan bindiga suka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannunsu. Inda basarake bai tsira ba, wane malami ne zai ɗauki ɗalibai rangadin wuraren tarihi?

Abin da za a rasa

Ginin ƙasa ba ya jiran zaman lafiya. Kowace damina tana cin rabonta, kuma dattawan da suka haddace jerin sarakuna da kirarinsu suna ta ƙarewa.

Akwai misalin da za a duba a cikin jihar. Kufan Surame, birnin Kanta na Kabi, an ayyana shi wurin tarihi na ƙasa tun 1964, kuma yana cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO a 2007. Hubbaren Shehu kuwa ba ya rabuwa da masu ziyara. Tarihin Hubbare bai cika ba sai da na Alkalawa.

Akwai aikin da ba ya buƙatar jiran ƙarshen rikici. Masanan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu za su iya naɗar muryoyin dattawan Gobir da suka yi hijira zuwa Sakkwato da Maraɗi tun suna raye. Hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa kuma ta auna kufan, ta shata iyakarsa.

Amma babban aikin shi ne tsaron da zai mayar da ɗan Gatawa da 'yar Bafarawa aji, iyayensu na barci da ido biyu a rufe.