Jemage da ɗakunansa a cikin dutse

A tatsuniya an ce jemage ya je wurin tsuntsaye suka kore shi don yana da haƙora, ya koma wurin dabbobi suka ce ai mai fiffike ba nasu ba ne. Shi ya sa ba ya fita sai da magariba. Amma a kogon dutse babu mai korarsa, kuma ba ko'ina yake rataya a ciki ba.

Daga Jimeta, in ka dubi ƙetaren Binuwai za ka hango duwatsun Bagale, kudu da Yola kuma ga na Verre. Ramuka da tsagogin irin waɗannan duwatsu kowane lungu da nasa yanayi. Bakin kogo yana bin iskar waje, can ƙurya kuwa zafi da laima ba sa sauyawa sosai, rani da damina.

Lokacin hunturu, busasshiyar iska tana zuƙe ruwan jikin ƙananan jemagu masu cin ƙwari ta fatar fiffikensu, wadda ta fi takarda laushi. Sai su matsa ciki, su cunkushe a rufin kogo, jiki na ɗumama jiki. A Maris da Afrilu, sa'ad da zafin Yola kan haura digiri 40, ƙuryar nan ita ce mai sanyi. Da ruwa ya sauka shinge ya tashi, abinci ya yalwata, a lokacin ne mafi yawansu ke haihuwa, ɗa ɗaya tak, yana manne a ƙirjin uwa yana shan nono. In damina ta cika ramin da ruwa, akwai wani tsagin a sama. Gida biyu maganin gobara.

Manyan jemagun da ke cika itatuwan gari daban suke, su ba safai suke shiga kogo ba, bin nunar 'ya'yan itace suke yi har su yi ƙaura.

A ƙasan kogo kuma kashin ƙananan jemagun ya tara gyare da kyankyasai, beguwa ta sami wurin kwana, mesa na jira a bakin hanya.

Abin da ke damuna shi ne rani. Lokacin ne ake ƙona daji, mafarauta na tura hayaƙi cikin ramuka, masu fasa dutse na kan aiki, alhali a watannin nan jemage ba shi da wani wuri mai laima da zai koma.