Kasafin Jiha da Kuɗin Ƙasa: Inda Ikon Majalisa Ya Tsaya

Kasafin kuɗin jiha a Najeriya doka ne, kuma majalisar dokokin jiha ce ke yin sa. Sashe na 120 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a fitar da ko kwabo daga asusun jiha sai da izinin doka. Sashe na 121 kuma ya wajabta wa gwamna ya kai wa majalisa ƙiyasin kuɗin da ake sa ran samu da wanda za a kashe, kafin sabuwar shekara ta kama. In shekarar ta shigo ba a amince da kasafi ba, gwamna zai iya ci gaba da kashe kuɗi na tsawon da bai wuce wata 6 ba, gwargwadon abin da aka ware wa irin wannan lokaci a bara.

Majalisun da aka ɗora wa wannan nauyi ba su da yawan wakilai. Kowace ba ta gaza mutum 24, ba ta wuce 40, kuma dole ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Kano na da kujeru 40 ga ƙananan hukumomi 44, shi ya sa Kura da Garun Malam ke da wakili ɗaya, haka Bagwai da Shanono, Rimin Gado da Tofa, Kunchi da Tsanyawa.

Bisa al'ada gwamna da kansa yake zuwa zauren, ya karanta jawabi, ya ajiye kundin kasafin a gaban kakakin majalisa. A karatu na biyu ake muhawara kan manufar kasafin gaba ɗaya, sannan a rarraba shi ga kwamitoci. Nan ne kwamishinoni da manyan sakatarori da shugabannin hukumomi ke zuwa kare abin da aka ware musu, wani lokacin ma su roƙi ƙari. Majalisu da dama kan ware rana guda ta jin ra'ayin jama'a. Kwamitin kasafi ya tattara rahotanni, a yi karatu na uku, a aika wa gwamna. Yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa za su iya zartar da dokar ba tare da shi ba.

Abin da ya fi cin lokaci a muhawarar shi ne rabo. Ana ja kan nawa za a ba ayyukan yau da kullum, wato albashi da fansho da kuɗin tafiyar da ofisoshi, nawa kuma za a ba manyan ayyuka irin su tituna, ajujuwa, asibitoci da ruwan sha. Gwamnoni na son a ce kaso mafi tsoka ya tafi manyan ayyuka, domin gini ake gani, shi ake zuwa buɗewa. Sai dai asibitin da aka gina yana buƙatar ma'aikacin jinya da magani da man janareta, kuma duk waɗannan a ɓangaren yau da kullum suke. Da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, wannan ɓangare ya ƙara nauyi a kowace jiha. Ana yawan kafa hujja da yarjejeniyar Abuja ta 2001, inda ƙasashen Afirka suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu. Ana kuma tuna kuɗin ilimin bai-ɗaya da gwamnatin tarayya ke ware wa jihohi ta hannun hukumar UBEC, wanda jiha ba ta isa ta taɓa ba sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. A ƙarƙashin duk waɗannan akwai muhawarar da ba a faye yi da babbar murya ba: kowane wakili na neman a sa wa mazaɓarsa aiki, ko da kwalbati ne ko rijiyar burtsatse, domin da shi zai koma gida neman ƙuri'a.

Sakamakon haka, kasafi kan fita daga majalisa ya fi yadda ya shiga. Na jihar Kano na 2025 an gabatar da shi a kan kimanin naira biliyan 549, aka amince da shi a kan kimanin biliyan 719. Ƙari irin wannan ba laifi ba ne a doka, kuma sau da yawa ma'aikatun gwamnati ne da kansu ke nemansa. Amma duk nairar da aka ƙara a shafin kashewa sai an ƙara ta a shafin samu, ko da a takarda ne. Wannan shafi na biyu shi ne wanda majalisu ba su cika tsayawa a kansa ba.

Dalili kuwa a fili yake. Mafi yawan kuɗin da jihohin Arewa ke kashewa daga Abuja yake zuwa. Kowane wata kwamitin rabon arzikin ƙasa na zama ya raba abin da ya shiga asusun tarayya: kashi 52.68 ga gwamnatin tarayya, 26.72 ga jihohi, 20.60 ga ƙananan hukumomi, bayan an cire kashi 13 na jihohin da ake haƙar mai a cikinsu. Ga kuma kason harajin VAT. Majalisar jiha ba ta da ta cewa kan farashin ɗanyen mai, ko darajar naira, ko tsarin rabon. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 aka kuma saki farashin dala, kason jihohi ya yi tashin gwauron zabo ba tare da wata majalisar jiha ta yi ko da zama ɗaya a kai ba. Abin da ya rage a hannun jiha shi ne kuɗin shiga na cikin gida, kuma kaso mafi girma a cikinsa harajin albashi ne da ake cirewa kafin ma'aikaci ya ga kuɗinsa. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna Legas ta tara sama da naira biliyan 800 a 2023, Kano kuwa ba ta kai biliyan 40 ba.

A da ba haka abin yake ba. Tun kafin zuwan Turawa, masarautar Kano na karɓar kuɗin ƙasa daga manoma, da kuɗin rafi daga masu noman rani, da kuɗin karofi daga marina, da jangali daga masu shanu. Turawa sun dunƙule yawancin waɗannan suka zama haraji, suka kafa baitulmali a masarautu, har a ƙasar Kano aka riƙa auna gonaki da taki domin a yanke wa kowa abin da zai biya. Da wannan kuɗi En'e ke biyan albashin hakimai da alƙalai da 'yan doka, take gina makarantu da ɗakunan shan magani. Karɓarsa ta zo da tsanani da wulaƙanci, har yaƙi da haraji ya zama ɗaya daga ginshiƙan siyasar jam'iyyar NEPU. Da jam'iyyar PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, gwamnoninta Muhammadu Abubakar Rimi da Abdulƙadir Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Talaka ya huta, kuma babu mai musun cewa hutun ya cancanta. Amma igiyar da ta ɗaure aljihun manomi da asusun hukuma ta tsinke a daidai lokacin da kuɗin mai ya maye gurbinta, kuma wanda bai ba da kuɗi ba, ba kasafai yake tambayar inda aka kai shi ba.

Shekara guda kafin soke harajin, a watan Maris na 1978, gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa, wadda ta ɗauki tushenta daga dokar mallakar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962. Dokar ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Filayen birni suna ƙarƙashinsa kai tsaye, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin amfani da su, har hekta 500 don noma, 5,000 don kiwo. Gwamna ne ke ba da takardar shaidar mallaka, shi ke yanka kuɗin ƙasa na shekara-shekara, shi ke da ikon sake duba shi. Ba a sayar da fili mai takarda ko a jinginar da shi a banki sai da amincewarsa. Yana kuma iya ƙwace fili saboda buƙatar jama'a, kuma diyyar da doka ta tanada ta gini ce da shuka da sauran abin da aka raya a kai, ba ta darajar filin kansa a kasuwa ba.

Majalisar jiha ba za ta iya sauya harafi ɗaya na wannan doka ba. Sashe na 315 ya saka ta cikin tsarin mulki, saboda haka gyara ta na buƙatar kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya da amincewar majalisun jihohi 24. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran harkar ƙasa a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, amma gyaran dokar bai kai gaci ba. Ke nan dukiyar da ta fi kowace zama ta jiha, wadda ba ta jiran farashin mai, ita ce wadda wakilan jama'a suka fi ƙarancin iko a kanta.

Duk da haka hannunsu bai zama a ɗaure gaba ɗaya ba. Tsarin mulki ya ba ƙananan hukumomi aikin ƙiyasta gidaje don karɓar harajin gida, amma majalisar jiha ce ke yanke nawa za a karɓa. Legas ta bi ta wannan ƙofa a 2001, ta haɗe kuɗin ƙasa da harajin gida da kuɗin raya unguwa suka zama biya ɗaya. Da majalisarta ta sabunta dokar a 2018 kuɗin ya ninka, 'yan kasuwa da lauyoyi suka yi ca, gwamnati ta rage shi cikin 'yan makonni, aka sake wata dokar a 2020. A Arewa, Kaduna ta kafa hukumar KADGIS, Kano ta kafa KANGIS, Nasarawa ta kafa NAGIS, domin mayar da bayanan filaye cikin kwamfuta. Shirin Bankin Duniya da aka fara a 2018 da dala miliyan 750 ya riƙa ba jihohi tukuici idan suka wallafa kasafinsu da rahoton binciken kuɗinsu, kuma idan majalisarsu ta tattara duk harajin jiha cikin doka guda.

Babban cikas shi ne yawancin filaye ba su cikin kowane kundin gwamnati. Unguwanni da dama a gefen Kano awon igiya ne: mai gona ya yanka fuloti, aka rubuta takardar ciniki, mai unguwa ko dagaci ya shaida, aka yi gini. Hukuma ba ta san mai gidan ba balle ta aika masa takardar biya, shi kuma ba ya ganin dalilin neman takardar da za ta jawo masa biyan shekara-shekara a unguwar da babu lambatu, babu famfo. Ɗan majalisar da ya tashi ya ce a sa haraji kan gidajen mazaɓarsa ya san abin da ke jiransa ranar zaɓe. Shi ya sa maganar ƙasa ta fi shigowa zaure ta hanyar koke: manoman da aka karɓe wa gona ba a biya diyya ba, makiyayan da aka nome musu burtali, filin makaranta ko maƙabarta da aka yanka shaguna. Sayar da filin gwamnati kuwa kuɗi ne na sau ɗaya, kuma yakan bar baya da ƙura. A watan Yunin 2023 sabuwar gwamnatin Kano ta rushe gine-ginen da aka yi a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula, tana cewa an raba filayen jama'a ba bisa ƙa'ida ba. Masu shagunan Filin Idi suka kai ƙara, Babbar Kotun Tarayya ta ce a biya su diyyar naira biliyan 30.

Aikin majalisa bai ƙare da sa hannun gwamna ba. Sashe na 125 ya ce babban mai binciken kuɗi na jiha ya miƙa mata rahotonsa cikin kwana 90 da karɓar lissafin babban akanta, kwamitin asusun gwamnati ya duba. Sashe na 128 da na 129 sun ba ta ikon bincike da kiran kowane jami'i. A nan ake gane ko abin da aka ware an sake shi, domin aiki na iya zama cikin kasafi shekara da shekaru ba a sa bulo ɗaya ba. Sau da yawa binciken na zuwa a makare. Majalisar Kaduna ta kafa kwamiti a 2024 kan basussuka da kwangilolin 2015 zuwa 2023, bayan gwamnan da ya ci bashin ya sauka. Shi kuwa ya musanta zarge-zargen ya garzaya kotu.

Lattin na da nasaba da yadda majalisun ke samun abin tafiyar da kansu. A zauren Lugard da ke Kaduna, inda majalisar tsohuwar Jihar Arewa ta zauna, 'yan jam'iyyar NPN masu rinjaye sun ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe Musa, suka tsige shi a watan Yunin 1981. Irin wannan taƙaddama ta yi ƙaranci tun 1999, domin galibi jam'iyyar gwamna ce ke da rinjaye, kuma daga hannunsa kuɗin majalisa ke fitowa, abin da ya sa ake yi wa wakilai laƙabin 'yan amshin shata. Gyaran tsarin mulki na 2018 ya ba majalisun jihohi da kotunansu 'yancin gashin kai ta fuskar kuɗi. Shugaba Muhammadu Buhari ya fitar da umarni na 10 a 2020 don tilasta aiwatar da shi, Kotun Ƙoli ta soke umarnin a 2022, sannan wani gyaran na 2023 ya fayyace yadda za a riƙa sakar musu kuɗinsu kowane wata daga asusun jiha.