Kamfanin da Ya Sauya Farashi Ba Shi da Hujjar Cajin Ka Kuɗin Fita

Duk wanda ya damƙa dukiyarsa ga kamfanin zuba jari, ko ta manhajar waya ko ta ofishin dillalin hannun jari, akwai wani saƙo da ko ba daɗe ko ba jima zai iske shi. Yakan zo da lafazi mai sanyi, ya ce an sabunta tsarin caji domin kyautata hidima, kuma sabon tsarin zai fara aiki ranar kaza. Galibin mutane ba sa karanta shi har ƙarshe. Wanda ya daure ya karanta, ya buga lissafi, ya ga abin ya yi masa tsada, ya ce to bari ya kwashe jarinsa ya koma wani kamfanin, a nan ne yake cin karo da wani cajin da bai taɓa lura da shi ba, wato kuɗin fita. Matsayina a kan wannan a fili yake. Idan kamfani ne da kansa ya sauya farashin da aka ƙulla yarjejeniya a kai, bai dace ya karɓi ko sisi daga wanda ya ƙi amincewa ya nemi tafiya ba, kuma wanda aka caja yana da hujjar da zai tsaya a kai ya nemi a yafe masa. Kamar mai gida ne ya ƙara kuɗin haya a tsakiyar zama, ɗan haya ya ce ba zai iya ba zai tashi, sai mai gidan ya tare ƙofar zaure ya ce kowane akwati da za a fitar akwai kuɗinsa.

Ɗaya daga cikin ƙasashen da wannan rigima ta fito fili ita ce Birtaniya, kuma abin da ya faru a can ya isa darasi. Shekara da shekaru masu zuba jari a asusun haɗaka na ƙasar suna ganin kamar kyauta dandalin zuba jari ke yi musu aiki. Alhali kuwa ana yankar musu kusan kashi 1.5 cikin 100 na jarinsu duk shekara da sunan kuɗin kula da asusu, sannan kamfanin da ke juya asusun ya mayar wa dandalin wani kaso a matsayin la'ada ta bayan fage. Hukumomin ƙasar suka ga wannan ɓoye-ɓoye na cutar da jama'a, suka hana irin wannan la'ada ga masu ba da shawara kan zuba jari daga ƙarshen 2012, sannan hanin ya hau kan su dandalin daga Afrilun 2014. Dole kowane kamfani ya fito ya faɗi farashinsa a bainar jama'a. A Janairun 2014 kamfanin Hargreaves Lansdown, wanda ya fi kowane girma a wannan fage, ya sanar cewa zai riƙa karɓar kashi 0.45 cikin 100 duk shekara a kan fam 250,000 na farko da mutum ya zuba a asusun haɗaka. Ga mutane da yawa wannan bai zama ƙari ba, domin la'adar da ake yanka a ɓoye ce ta fito sarari. Amma masu riƙe da asusun nan masu araha da ke bin sawun kasuwa kawai, waɗanda da fam 1 ko 2 suke biya a wata kan kowane asusu, sun wayi gari cajinsu ya ninka sau da yawa. Mai fam 100,000 a irin wannan asusu zai koma biyan fam 450 a shekara.

To in ya ce zai tafi fa? A wancan lokacin kamfanin na karɓar fam 25 a kan kowane nau'in jari da aka kwashe zuwa wani wuri, ban da kuɗin rufe asusu. Mutumin da ya bi shawarar masana ya rarraba jarinsa gida 20 don kada ya tara ƙwansa wuri ɗaya, fam 500 zai ajiye kafin a buɗe masa ƙofa. Wato kuɗin tafiya ya zarce cajin shekara guda da yake gudu. Wannan lissafin kaɗai ya tona asirin aikin da kuɗin fita ke yi. Ba sai an karɓe shi daga hannun kowa ba, jin labarinsa kawai ya isa ya zaunar da mutum. Kamfanin da ya san abokan cinikinsa ba za su iya motsi ba kuwa, ba abin da zai hana shi sake ƙara farashi gobe.

Za a ce ai mutum da hannunsa ya amince da sharuɗɗan, kuma a ciki an rubuta cewa kamfani na da ikon sauya farashi, an kuma rubuta kuɗin fita. Gaskiya ne an rubuta. Sai dai dokar kare masu sayayya ba ta ɗauki sa hannu a matsayin ƙarshen magana ba, musamman a takardar da ɓangare ɗaya ya tsara shi kaɗai, ɗayan kuma ba shi da ta cewa sai dai ya danna maɓallin amincewa. Dokar Birtaniya ta 1999 kan sharuɗɗan da babu adalci a cikinsu, da dokar haƙƙin masu sayayya ta 2015 da ta gaje ta, duk sun sa sharaɗin da ke bai wa kamfani damar sauya yarjejeniya shi kaɗai cikin jerin abubuwan da ake zargin rashin adalcinsu. Sun ba da rangwame ga yarjejeniyar da ba ta da wa'adi, amma bisa sharaɗin a sanar da mutum cikin lokacin da ya dace, kuma ya kasance yana da 'yancin warware yarjejeniyar. A 2013 Kotun Tarayyar Turai, a wata shari'a kan kamfanin iskar gas na RWE a Jamus, ta bayyana cewa wannan 'yanci bai kamata ya tsaya a takarda ba, sai ya zama abin da mutum zai iya aiwatarwa da gaske. Hukumar FCA mai sa ido kan harkokin kuɗi a Birtaniya ma, a jagorar da ta fitar a Disambar 2018, ta sa sauƙin fita cikin abubuwan da ake dubawa kafin a ce sharaɗin sauya farashi ya yi adalci. Wannan ba ya nufin duk wanda ya yi ƙorafi zai yi nasara, domin kowace ƙara da yanayinta ake duba ta. Abin da yake nufi shi ne wanda aka ce ya biya fam 500 kafin ya ƙi sabon farashi yana da tambaya mai ƙarfi: ina 'yancin da aka ce ina da shi?

Hujja ta biyu ta kamfanonin ta fi wannan nauyi, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Suna cewa kwashe jari aiki ne da ke cin lokacin ma'aikata da kuɗi, kuma idan mai tafiya bai biya ba, waɗanda suka zauna ne za su biya masa a fakaice. A ranar da mutum ya tashi haka kawai don ya hango araha a wani wuri, ana iya sauraron wannan magana. Amma ranar da kamfani ya sauya farashi, shi ya jawo tafiyar, kuma ya riga ya lissafa ribar da sabon farashin zai kawo masa daga dubban da za su zauna. Ɗawainiyar sallamar 'yan kaɗan da suka ƙi wani ɓangare ne na kuɗin wannan shawara tasa. Ban da haka, buɗe asusu ma aiki ne mai cin kuɗi, amma ba a cika ganin kamfanin da ke cajin kuɗin shiga ba, wasu ma tukuici suke bai wa sabon zuwa, har su biya masa kuɗin fitar da tsohon kamfaninsa ya caje shi. Abin da ya faru a Birtaniya ya ƙara raunana hujjar. A 2012 kamfanin Interactive Investor ya ƙaƙaba cajin fam 20 duk wata uku, jama'a suka yi ca, ya janye kuɗin fita na wani ɗan lokaci ga masu son tafiya. A Fabrairun 2014 shi ma Hargreaves Lansdown ya fasa wani ƙarin caji da ya shirya kan masu riƙe da hannun jarin kamfanonin amintattu bayan ƙorafi ya yi yawa. Binciken FCA na 2018 ya gano kashi 7 cikin 100 na masu amfani da irin waɗannan dandali sun yi yunƙurin sauya sheƙa sun kasa, kuma a Maris 2019 hukumar ta ce tana duba hana kuɗin fita ko ƙayyade shi. Interactive Investor ya soke nasa gaba ɗaya a 2018, Hargreaves Lansdown ya bi sahu a Satumbar 2019, kuma babu wanda ya durƙushe a cikinsu. A ƙarshen 2020 hukumar ta jingine batun kafa dokar, tana mai nuni da cewa kasuwar da kanta ta fara barin wannan ɗabi'a.

Yadda ake neman haƙƙin ma yana da muhimmanci, domin da yawa suna da gaskiya amma hanyar da suka bi ke kayar da su. Faɗa da ma'aikacin da ya ɗauki waya ba ya haifar da komai, shi ma umarni yake bi. A rubuce ake yi, a kira shi ƙorafi da sunansa, a ambaci ranar da sanarwar ta zo, tsohon caji da sabo a kan jarin mutum, a ce ba a amince da sauyin ba, ana so a kwashe jari zuwa wuri kaza ba tare da kuɗin fita ba. A yi haka tun kafin ranar da sabon farashi zai fara aiki, saboda yawancin sharuɗɗa na ɗaukar shiru a matsayin yarda, kuma wanda ya shekara yana biyan sabon caji zai sha wuyar cewa cajin ne ya kore shi. A Birtaniya kamfani na da mako 8 ya ba da amsa ta ƙarshe, daga nan mai ƙorafi na da wata 6 ya kai maganar ofishin sasanta rikicin kuɗi na Financial Ombudsman Service, kuma ba ya biyan komai. Kamfanin ne ake cajin ɗaruruwan fam a kan ƙarar da ta isa can, wanda hakan kan sa ya ga yafe 'yan fam ɗin ya fi masa sauƙi.

Sai dai kada fushi ya sa a yi muguwar rawar da gara ƙin tashi. Ba kowane sauyin farashi ne ya cancanci ƙaura ba. Mai fam 5,000 da ake caja kashi 0.45 cikin 100, fam 22 da rabi yake biya a shekara, in ya koma inda ake karɓar fam 80 ƙayyadadde ya cuci kansa. Cajin kaso ya fi dacewa da ƙaramin jari, ƙayyadadden caji kuma da babba. Wanda lissafi ya nuna masa tafiya ta fi, ya nemi a kwashe jarin yadda yake, hannun jari ya tafi a matsayin hannun jari, kada ya sayar ya karɓi tsaba. Mai sayarwa zai biya kuɗin sayarwa da na sake saye, yana iya jawo wa kansa harajin riba, kuma idan kasuwa ta tashi a makonnin da kuɗinsa ke kan hanya ya yi asarar da ta fi kuɗin fitar. 'Yan uwanmu mazauna Birtaniya masu asusun ISA, wanda ba a biyan haraji kan ribarsa, su kula sosai: ta hannun sabon kamfani ake cike takardar ƙaura, wanda ya cire kuɗin da kansa yana iya zubar da wannan kariya.

A Najeriya, inda manhajojin zuba jari suka shiga wayoyin matasa da 'yan kasuwa, tsarin ya bambanta amma hanya a buɗe take. Hannun jarin da aka saya a kasuwar hannun jari ta ƙasa yana rubuce ne a ma'ajiyar CSCS ƙarƙashin lambar CHN ta mai shi, don haka ana iya mayar da shi daga wannan dillali zuwa wancan ba tare da an sayar ba. Dokar gasa da kare masu sayayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta haramta sharuɗɗan da babu adalci a cikinsu. Hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari na da tsarin karɓar ƙorafi da ke farawa daga kamfanin da kansa kafin a hau sama, akwai kuma kotu ta musamman kan rikicin zuba jari. Amma a bambance abu biyu. Tarar da aka gaya maka tun farko cewa za ka biya in ka fasa ajiyar da ka kulle na wata shida, ko ka cire kuɗi daga asusun haɗaka kafin mafi ƙarancin wa'adi, alkawari ne da ka ɗauka ido buɗe, kuma kamfani bai sauya komai ba. Abin da ake jayayya a kai shi ne cajin da aka ƙirƙiro ko aka ƙara bayan ka shiga, ko wanda aka tare ka da shi lokacin da kake gudun sabon farashi.

Akwai kuma wani nau'in kuɗin fita da ba na jayayya ba ne, na damfara ne tsagwaronsa. Lokacin da dandalin CBEX ya rufta da kuɗin jama'a a Afrilun 2025, an nemi waɗanda abin ya shafa su sake tura dala 100 ko 200 da sunan tantancewa kafin a sakar musu dukiyarsu, kuma SEC ta bayyana cewa dandalin ba shi da rajista da ita. Kamfanin gaskiya daga cikin abin da ke asusunka yake cire cajinsa, kuma cajin na rubuce a jadawalin da kowa zai iya gani. Saboda haka, jama'a, kafin ku zuba ko naira ɗaya ku duba sunan kamfanin a jerin masu rajista a shafin SEC, ku nemi a nuna muku kuɗin fita a rubuce, ku adana kwafin sharuɗɗan na ranar da kuka shiga. Duk wanda kuma ya ce sai kun turo sabon kuɗi kafin ya sakar muku naku, kada ku tura, ku kai rahotonsa ga SEC ko EFCC.